Feshin filasma a kan fuwel sel: me ya hana mu yi shi a Magazin?

Masta_Walda_Suame:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga 'yan boko, amma don Allah a amsa mini yadda mai walda zai gane. Ɗan yayata da ke karatun injiniya a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya leƙo gareji ya tarar ina cike shaf ɗin injin niƙa da ya cinye a mazaunin boris. Da bindigar feshi nake yi: a zuba garin ƙarfe a ɗan gwangwanin da ke samanta, wutar oksijin da asitilin ta narka shi ta watsa a jikin shaf, in ya huce a kai lez a dawo da shi awonsa. Sai yaron ya ce wai da irin wannan dabara ake yin fatar tsakiya ta fuwel sel, na'urar nan da ke ba da lantarki daga iskar gas, ba fistin ba ƙara. Wai bambancin kawai su da filasma suke fesawa. To in haka ne me ya hana mu yi a nan Magazin, unguwar garejojinmu ta Suame a Kumasi? Ko dai yaron cika baki yake yi don ya ga ban shiga aji ba?

ƊanAboabo:
Wa alaikumus salam Masta. In dai abin zai raba mu da dumso, wato yawan ɗauke wutar nan, a sa sunana a na farko. Kuɗi dai sai ƙarshen wata.

Fati_Tek:
Wa alaikumus salam Baba. Bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya faɗi rabi ya bar rabi. Fuwel sel iri-iri ne. Wanda yake nufi shi ne na tangaran, mai aiki a zafin digiri 600 zuwa 1000, wanda ake rubutawa SOFC. Hawa uku ne manne da juna. Gefe ɗaya katod, shi ake hura wa iska. Ɗaya gefen anod, shi ake ba haidirojin ko gas. A tsakaninsu akwai ilektirolait, fatar da ya gaya maka. Aikinta ta bar oksijin mai caji ya ratsa ta cikin naman tangaran ɗin ya je ya haɗu da haidirojin su zama ruwa, amma kada iska ko gas su wuce, kada kuma lantarki ya bi ta cikinta. Dole lantarkin ya zagaya ta waya, a nan muke cin moriyarsa. Sel ɗaya in an ɗora masa lodi wajen bolt 0.7 yake bayarwa, shi ya sa ake jera su da yawa a kan juna.

Fatar kuwa da wani farin tangaran mai suna zirkoniya ake yin ta, gauraye da ɗan itiriya, YSZ a taƙaice. Ba sabon abu ba ne. Tun wajen 1897 Bajamushe Walther Nernst ya yi fitila da irin wannan haɗin, don ya gano caji na ratsa shi idan ya yi jajur. Cikas ɗinka na farko Baba, zirkoniya ba ta narkewa sai ta kai wajen digiri 2700.

Bakanike_Tafo:
Ƙanwata, ai wutar asitilin ta haura 3000, tun muna yaran gareji muka haddace wannan. To 2700 ɗin wace tsiya ce?

Injiniya_a_Jamus:
Salam jama'a. Aikin feshi nake yi a wani kamfani a kudancin Jamus, kodayake mu rolar injin buga takarda da kayan famfo muka fi yi. Malam Bakanike, lissafinka daidai ne, tsakiyar harshen wutar ya kai kusan 3100. Amma ƙwayar garin ba zama take yi a cikin wutar ba, wucewa take yi kafin ka ƙifta ido, kuma zirkoniya na cikin abubuwan da zafi ya fi shan wuyar ratsawa. Tazarar digiri 400 ba ta isa ba. Bayan ƙwayar ya yi laushi, cikinta na nan garau. Akwai masu fesa tangaran da wutar gas, da sanda maimakon gari, amma abin da ke fitowa duk huji ne.

Bindigar filasma dangin waldar agon ce, Masta zai gane ta nan da nan. A ciki akwai tsinken tongistin, a gabansa bakin jan ƙarfe wanda ruwa ke zagayawa yana sanyaya shi. Sai a tayar da wutar lantarki tsakanin su biyun, a turo agon gauraye da haidirojin ko hiliyom ta cikinta. Iskar ta yi zafi har ƙwayoyinta su wargaje, shi ne filasma, ta fito da zafin da ya haura digiri 10,000. A daidai bakin ake cusa garin. Ƙwaya ta narke, ta tashi da gudun mita ɗaruruwa a sakan guda, ta daki ƙarfe, ta baje, ta daskare nan take. Bindigar da aka saba gani tana cin kilowat 40 zuwa 80. A irin wannan aiki ba a riƙe ta da hannu, robot ke riƙewa a rufaffen ɗaki. Ƙararta kaɗai ta isa ta kurumta mutum, haskenta ya fi na walda cin ido, ƙurar nikel ɗin da ake yin anod da ita kuma guba ce a huhu.

ƊanAboabo:
Kilowat 80? Ashe injin da zai ƙera maganin dumso shi dumso zai fara kayarwa. Ran da Masta ya kunna shi, duk layinsu sai an nemo aci-balbal.

Bashir_Tema:
Mu masu gyara a tashar wuta mun san wannan farin shafen. Shi ne a jikin fukafukan tabain, injin da ke juya janareta, da ɗakin da gas ke ci, zirkoniya da itiriyar ce dai. Ko injinan da aka kwaso daga Aboadze aka kafa a Anwomaso nan kusa da ku, zuriyar injin jirgin sama ne, kuma irinsu da wannan kariya sassansu masu zafi ke rayuwa. In shekara da shekaru ana fesa shi a tabain yana shan wuta bai ce uffan ba, ban ga abin da zai gagara a ɗan faifan fuwel sel ba.

Fati_Tek:
Yaya Bashir, suna ne ɗaya, buƙata ta sha bamban. A tabain so ake shafen ya hana zafi isa ga ƙarfe, don haka hujin da ke cikinsa alheri ne, da gangan ake barin sa, kaurinsa kuma kan kai maikron ɗaruruwa (maikron dubu ne milimita ɗaya). Haɗin ma ba ɗaya ba ne. Na tabain itiriya kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari ce bisa nauyi. Na fuwel sel kashi 8 ce bisa ƙidayar ƙwayoyi, wanda in aka ɗora a sikeli ya kusa kashi 14. Na farko ya fi jure tsagewa, na biyu ya fi barin oksijin ya ratsa.

A fuwel sel huji ɗaya da ya fasa daga wannan gefe zuwa wancan ya isa ya jawo matsala. Gas ya haɗu da iska ya ci wuta a wurin, wurin ya fi kewayensa zafi, tsagar ta ƙara buɗewa. Tun kafin a ɗora lodi mita ke tona asiri: sel mai lafiya kan nuna kusan bolt 1.1, mai yoyo sai ka ga ya sauko.

Masta_Walda_Suame:
To 'yata, a yi shi da kauri mana. Mu in shafe bai rufe ba ƙara masa zagaye muke yi.

Fati_Tek:
Ai nan gizo ke saƙar, Baba. Da ƙyar oksijin ke ratsa tangaran, kuma duk ƙarin kauri ƙarin tirjiya ne. Ka ninka kauri, ka ninka wutar da ke salwanta a cikin fatar. A digiri 1000 ana iya haƙuri da maikron 150, shi ya sa na farko-farko suke aiki a wannan zafin. Amma a 1000 ƙarfe mai araha ba ya daɗewa. Kowa so yake ya sauko 700 ko 800, a nan kuma zirkoniya sai ta yi nauyin jiki, daga 1000 zuwa 700 saurin ratsawar kan ragu kusan ninki goma. Abin da ya rage shi ne a sirantar da fatar ta dawo maikron 10 zuwa 20. Ɗauko fila-gej ɗinka ka zaro ruwan 0.05, wannan da ke lanƙwashewa in ka matsa shi da yatsa. Maikron 50 kenan. Kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa ake nema, kuma ba yoyo ko kaɗan.

Masta_Walda_Suame:
Ga shi a hannuna ina kallo. Tabɗijam.

Injiniya_a_Jamus:
A nan ne feshin da ake yi a sarari cikin iska, APS, yake cin tura. Garin da bindiga ke iya ja tsakanin maikron 10 zuwa 100 yake. Wanda ya fi haka laushi toshe bututu yake yi, ko ya ƙi nutsewa tsakiyar wutar don ba shi da nauyi. Kun ga kenan ƙwaya ɗaya tak ta kai kaurin duk fatar da ake so, ko ta ninka shi. In ta daki ƙarfe takan baje ta zama ɗan faifai mai kaurin maikron ɗaya ko biyu. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai yaɓe yana jifan bango da curin ƙasa ya san sauran labarin: curi a kan curi, kowanne ya bushe ya tsattsage da kansa, tsakanin wani da wani kuma akwai inda bai kama ba. Ƙwayar na hucewa da saurin digiri wajen miliyan a sakan, tangaran kuma ba ya miƙewa, dole ya tsage. Da aka yanka irin wannan shafen aka auna, an tarar bai fi kashi ɗaya cikin uku na fuskar faifan ba ne ke manne da na ƙasansa da gaske. Sauran siririn gibi ne. Gas ya bi tsaga ya faɗa gibi, ya bi gibi ya sami wata tsagar, har ya fita. Shi kuma oksijin mai caji ba ya tsallake gibi, sai ya yi zagaye. Ga yoyo ga tirjiya. Shi ya sa masu APS sukan kai maikron 50 ko fiye kafin yoyon ya lafa, a lokacin kuma an riga an yi asarar ribar siranta.

Alhaji_Akwatia_Line:
Ni tsoho ne mai sayar da kayan gini, amma ina biye da ku tun sama. In dai tangaran ne, me ya hana a gasa shi a tanderu yadda ake gasa tayil?

Fati_Tek:
Alhaji, ai haka yawancin kamfanoni ke yi. A dama garin a shimfiɗa shi siriri, a buga sauran hawan a kansa da allon raga irin na masu buga rubutu a riga, a kai tanderu wajen digiri 1400 na sa'o'i. Fatar kan fito maikron 10, sumul, ba yoyo. In ana maganar ingancin fata, har gobe gashi ne a gaba.

Alhaji_Akwatia_Line:
To wahalar feshin ta mece ce, 'yan nan?

Injiniya_a_Jamus:
Saboda ƙarfe, ranka ya daɗe. Sel ɗin da duk jikinsa tangaran ne yana da tsada, yana fashewa in ya sha jijjiga, kuma ba ya son a ɗumama shi da gaggawa. In aka ɗora hawa ukun a kan faifan ƙarfe mai huji-huji, ƙarfen ya ɗauki nauyi, ana iya yi masa walda, yana jure girgizar mota, yana ɗaukar zafi da wuri. To amma sa ƙarfe a tanderun 1400 cikin iska ka ga abin da zai rage. In ma an kori iskar, hujin ƙarfen kan tsuke, nikel ɗin anod ya shige cikin ƙarfe, ƙarfe da kuromiyom su shige cikin nikel, kowa ya ɓata ɗan'uwansa. A feshi kuwa ƙwayar ce kaɗai ke narkewa, faifan na iya tsayawa a 'yan ɗaruruwan digiri. Cikin mintuna an gama hawa ɗaya, a canza gari a fesa na gaba, ba jiran tanderu. Cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, reshenta na Stuttgart, tun shekarun 1990 take bin wannan hanya.

Hajiya_Mai_Ƙanƙara:
Ku yi haƙuri in katse muku hanzari. Ni a Sawaba nake, ƙanƙara da zoɓo da burkina nake sayarwa. Ranar da aka ɗauke wuta tun hantsi har bayan isha'i, burkinar nan haka na zubar da ita ina ji ina gani, madara ce ba ta jira. Abin da nake son ji: wannan na'ura za ta ci gas ɗin silinda da muke girki da shi? Kuma ana samun ta a kasuwar Adum?

Bashir_Tema:
Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Za ta iya ci, amma sai an gyara mata shi. Warin nan da kike ji in silinda na yoyo da gangan ake zuba shi, kuma sinadarin yana ɗauke da farar wuta. Nikel ɗin anod kuwa ko ɗan ƙanƙanin farar wuta kashe masa kuzari yake yi, don haka sai an tace. Sannan sai an farfasa gas ɗin da tururi kafin ya shiga, in ba haka ba baƙin toka ya taru ya toshe anod. A Japan akwai na gida, Ene-Farm, an fara sayarwa a 2009, na tangaran ya biyo baya a 2011, wat 700 yake bayarwa haɗe da ruwan zafi. Amma su yawanci gas ɗin bututu ke shiga gidajensu. Kuma ki sani ba janareta ba ce da za a ja igiya in an ɗauke wuta. Sa'o'i take ɗauka kafin ta yi zafi, kashe-kunna kuma rage mata kwana yake yi. Ni ban taɓa cin karo da ita a Adum ba, balle Kejetia.

Hajiya_Mai_Ƙanƙara:
Au, ashe ba tawa ba ce. Na gode ɗana. Ku ci gaba, ina saurare.

Mahauci_Kaase:
Tunda an zo maganar gas. Kashin shanu da abin cikin tumbi da muke kwashewa kullum a mayanka, an ce in an rufe su a rami suna ba da gas. Shi fa?

Fati_Tek:
Kawu, shi ma yana yi, har ya fi dacewa da na tangaran fiye da sauran fuwel sel, don yawancinsa mitan ne, kuma iskar kabon da ke gauraye da shi ba ta dame shi ba. Matsalar ita ce warin ruɓaɓɓen ƙwan nan, shi ma farar wuta ce. Ana rage shi da abu mai sauƙi, a bi da gas ɗin ta cikin durom cike da ɓarɓashin ƙarfe mai tsatsa, tsatsar ta kama shi. Na girki wannan ya wadatar. Na fuwel sel sai an ƙara tacewa da gawayi na musamman.

Gaskiya_Ɗaci:
Ku dai kuna ƙona data a banza. Zirkon daga yashin Ostareliya da Afirka ta Kudu ake tono mafi yawansa, Senegal ma na fitarwa, itiriya kuwa kusan duk a hannun Sin take. Agon saye, hiliyom saye, bindiga saye, robot saye. Me ya rage namu, gumi? Ga sola da batirin litiyom sun cika kasuwa, kullum sauka suke yi. Hajiya ki nemi mai haɗa sola ki huta. Mutanen da kusa ma sai an shigo musu da ita su ne za su yi fatar maikron 10?

Bakanike_Tafo:
Kai malam, iya bakinka. Injin niƙan da ke niƙa maka masarar koko a ina aka ƙera shi? Injin gurzar rogo da na matsar manja da na buga bulo fa? Tun 1980 Tek ta buɗe reshenta na koyar da fasaha, ITTU, a cikin Magazin, daga nan narkar da ƙarfe ta yaɗu har ta zama sana'ar mutane da yawa. Wanda bai taɓa riƙe sifana ba shi ne kullum ya fi kowa sanin abin da ba za mu iya ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Ban raina kowa ba. Injin niƙa in ya kauce da milimita ɗaya zai niƙa. Wannan in ya kauce da maikron biyar ya tashi aiki. Karanta abin da Fati ta rubuta a sama.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a sassauta, duk 'yan'uwan juna ne. Masta tambaya ya yi a kan feshi. Injiniya, ka ce APS na yoyo, to su masu bin hanyar me suka yi a kai?

Injiniya_a_Jamus:
Na gode shugaba. Dabara ta farko, a shigar da bindigar da faifan cikin tanki a zuƙe yawancin iskar, shi ne VPS. Da iska ta ragu harshen filasma sai ya yi tsawo ya ƙara gudu, ƙwaya ta daki faifan da ƙarfi ta fi bajewa, ƙarfen kuma ba ya tsatsa ko an bar shi ya yi zafi sosai. Da wannan ne mutanen Stuttgart suka sauko wajen maikron 30 zuwa 50 da fatar da ke aiki. Kuɗin tankin da famfunan zuƙar iska ne abin ji.

Akwai kuma wadda ta wuce nan, PS-PVD, wadda kamfanin Sulzer Metco na Suwizalan ya fito da ita, yanzu sunansa Oerlikon Metco. A nan iskar da ake bari a tanki ba ta fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na wadda muke shaƙa ba, bindigar ta haura kilowat 100, harshen wutar ya kai tsawon mita biyu. Garin ba narkewa kaɗai yake yi ba, wani sashe tururi yake zama ya sauka a hankali. In an saita ta yadda ruwa da tururi za su sauka tare, ana samun fata siririya mai ƙarancin huji. Cibiyar bincike ta Jülich na da irin wannan injin. Amma ba kayan da ƙaramin kamfani zai tunkara ba ne ko a nan Jamus.

Fati_Tek:
Injiniya ka tsallake wadda ni na fi sa wa rai, SPS. Tunda matsalar girman ƙwaya ce, sai a ɗauko garin da bai kai maikron ɗaya ba, wanda ka ce bututu ba ya ja, a dama shi a ruwa ko itanol a harba shi cikin filasma. Wutar ta farfasa ruwan, ya ƙafe, 'yan ƙwayoyin su narke su sauka. Faifan da suke yi ƙanana ne ƙwarai, don haka ko a maikron 10 ko 15 an sami hawa da yawa da za su rufe wa juna gibi. Kuma a sarari ake yi, ba tanki. Wasu ma ba sa dama gari, gishirin zirkoniyom da na itiriyom suke narkawa a ruwa, tangaran ɗin ya haɗu a cikin wutar.

Injiniya_a_Jamus:
Ban tsallake don mantuwa ba ƙanwata, na san za ki kawo ta. A takarda tana da kyau. A ɗakin feshi kuwa ruwan na satar zafin filasma, garin na kwantawa a ƙasan tanki in ba a motsa shi, ɗan bakin allurar na toshewa ana tsakar aiki. Babbar matsalar ma ita ce rashin nauyi. Iskar da ta daki faifai dole ta karkata gefe, ƙananan ƙwayoyi sai su bi ta, su riƙa manne wa duk wani ɗan tudu ta gefe. Tudun ya yi ta girma ya zama ginshiƙi, tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi ga hanya a buɗe daga sama har ƙasa. Masu tabain irin su Bashir murna suke yi da wannan, mai ilektirolait kuka. In ka matso da bindiga kusa don ƙwayoyin su iso da gudu, wajen santimita 4 zuwa 6 maimakon 10, faifan ya sha zafi, in ya huce fatar ta tsage a tsaye.

Fati_Tek:
Duk abin saiti ne ai. Akwai masu yi da bindiga mai cusa ruwan ta tsakiyar wutar ba ta gefe ba, kuma sun sami fata mai kyau.

Injiniya_a_Jamus:
A ɗan faifai mai faɗin kwabo, e. Ki fesa mini mai faɗin tafin hannu biyu guda ɗari a jere, duk su tsallake gwajin yoyo, sannan mu yi magana.

Masta_Walda_Suame:
Ina jin ku. Abu biyu na lura da su a nawa aikin, ku gaya mini ko sun shafi naku. Kafin in fesa sai na kankare wurin ya yi kaushi, in ba haka ba shafen ba ya samun abin kamawa. Sannan sai na bi shi da wuta ya ɗumama har gumin nan da ke fitowa a jikin ƙarfe ya ƙafe. Yaron da ya yi gaggawa ya fesa a kan ƙarfe mai sanyi, da wuƙar lez ta taɓa sai ka ga shafen ya ɓare yana faɗowa.

Injiniya_a_Jamus:
Masta, na biyun nan shi ne zuciyar maganar. A kan faifai mai sanyi akwai danshi da datti da ido ba ya gani, in narkakkiyar ƙwaya ta sauka sai su tashi a ƙarƙashinta, ta fantsama. Da an ɗumama zuwa digiri 200 ko 300 sai ta kwanta da'ira sumul. In aka ƙara zafin sosai, ɗaruruwan digiri sama da haka, sabuwar ƙwaya kan haɗe da ta ƙasanta su zama nama ɗaya, kashi ɗaya cikin ukun nan da na faɗa ya ƙaru. Jami'ar Xi'an Jiaotong ta ƙasar Sin ta yi aiki mai yawa a kan haka. Wasu kuma bayan feshi sukan jiƙa fatar da ruwan gishirin zirkoniyom, ya shige tsagogin, a ɗumama ya zama tangaran a ciki, a yi ta maimaitawa har yoyon ya ragu.

Na farkon kuwa a wurinmu abokin gaba ne. Kai kaushi kake nema, kuma shafenka ya yi kaurin da zai binne shi. Ita ilektirolait a kan anod ake fesa ta, anod kuma dole ya zama mai huji don gas ya shiga. In akwai tudu ɗaya a fuskarsa mai tsayin maikron 20, fatar maikron 10 ba za ta rufe shi ba. Rabin wahalar siranta fata a gyaran abin da ke ƙarƙashinta take.

Bashir_Tema:
To ni abin da na kasa ganewa, in dai don ƙarfe ake wannan wahala, ai Ceres Power na Ingila a kan ƙarfe suke yin nasu, kuma ba da bindiga ba.

Fati_Tek:
Haka ne Yaya. Su tangaran ɗin suka canza. Seriya suke amfani da ita mai ɗan gadoliniyom, tana barin oksijin ya ratsa a digiri 500 zuwa 600, kuma sun san yadda za su gasa ta a zafin da ƙarfe zai jure. Amma ita ma da nata halin, a gefen gas takan fara barin lantarki ya bi ta cikinta, sai an sa mata wani siririn shinge na zirkoniya.

Gaskiya_Ɗaci:
Kun ji ko? Ko Turawan ma kowa da tasa hanyar, mu kuma muna nan muna jiran a kawo wuta.

Mahauci_Kaase:
Ni dai na riƙe tawa. Masta, ɓarɓashin ƙarfen da ke zuba a ƙarƙashin lez ɗinku, nawa ne buhu? Zan gwada durom ɗin da Fati ta faɗa, ko na dafa ganda ne a samu.

Masta_Walda_Suame:
Wa zai sayar maka da shara? Turo yaro da buhu kafin Juma'a, in ba haka ba 'yan gwangwan za su riga ka. Amma ka wanke shi da omo tukuna ka shanya a waje, duk man injin ne a jikinsa, in ba a wanke ba tsatsar ba za ta kama ba.